Ƙofar Gwaggo Asabe da ba a rubuta mata suna ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, wadda sojoji ke kira Manjo. Aikinta yana da dogon suna na Turanci da ban iya faɗa ba. Ni dai abin da na gani, likita ce da ba ta allura, ba ta rubuta ƙwaya. Zama take yi da mutum su yi ta magana har abin da ya tokare masa ƙirji ya sauka.

A ƙaramin asibitin bariki take zama, ɗakinta na jikin ɗakin awon jini. An so a ware mata gini can baya, a kafa allo. Ta ƙi. Ta ce duk sojan da aka ga ya nufi ginin nan, kafin ya fito an gama sa masa suna mahaukaci. Benci ɗaya ta yarda da shi: mai zazzaɓi, mai ciki, mai ciwon zuciyar da ba a gani, kowa da katinsa, ba wanda ya san abin da ya kawo wani.

Ni ma ta nan na shiga. Da na haifi Sadik, kullum ina asibiti, yau na ce numfashinsa, gobe na ce idonsa. Rannan nas ta tura ni ɗakin Gwaggo. Gwaggo ta karɓi yaron, ta dube shi, ta dube ni.

"Ladi, wannan ƙaton lafiyarsa ƙalau. Uwarsa ce ba ta barci. Zauna."

Bana mijina, kofur ne, ya dawo daga inda aka tura su. Murfin tukunya ya faɗi, sai ya zabura har ya ture kwano. Sadik ya daina zuwa kusa da shi. Na yi wa mijin nawa maganar asibiti, ya ce, "So kike a karɓe mini kaki?" Tsoro ya kama ni, don ban sake leƙa wurin ba tun da ta rasu. A raina na ce ɗakin ya zama sito.

Ciwon kai ne ya kai shi, na raka shi. Nas ta auna jininsa, ta ce, "Oga, ya ɗan hau. Yaya barci?" Ta nuna masa ƙofar kusa. Har yanzu babu allo. A ciki wani matashin hafsa ne, wanda na taɓa gani yana koyon aiki a gefen Gwaggo. Mijina ya dubi benci, ya ga wata tsohuwa daga Assakio da jikarta, da wani saje, ba mai kallonsa. Ya shiga.

Da Gwaggo za ta leƙo yau, na san za ta fara da faɗa a kan bencin nan da har yanzu ƙafarsa ɗaya ke rawa. Amma ba za ta ga abin da ta ji tsoro ba, wato a riƙa nuna mai shiga ɗakin da yatsa.

Baban Sadik bai warke sarai ba. Sai dai jiya Sadik ya hau masa wuya suna cin gasasshiyar doya. In ranar komawarsa ta zo kuwa, da kansa yake ɗaukar kati ya ce mini, "Zan je awon jini." Ni ma ban taɓa gyara masa ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Gwaggo. Ƙofar na nan yadda kika bar ta.