Malam Haladu da Irin Bishiyoyin da Muka Sare

Ina bakin aiki a hanyar Gwagwalada, bokitin jan fenti a hannuna, aka kira ni a waya cewa Malam Haladu ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara tara muka yi tare a wani kamfanin gina hanyoyi, lokacin da Abuja ke faɗaɗa ta kowace kusurwa. Shi ne mai awon hanya, ni kuma nake shafa fenti a jikin duk bishiyar da za a sare. Na duba littafin da nake rubuta al'amuran kullum, da wuya shafin da babu sunansa.

Wani injiniya ɗan Japan ne ya bar masa faya-fayan katun na ƙasarsu, wato fim ɗin zane irin na yara. Na ce, "Haba Malam, katun da furfurarka?" Ya ce, "Zauna dai, Oga Fenti." Ko kalma ɗaya ba ma ji, amma mun ga gari yana cinye daji, dabbobi sun rasa mafaka, kogi ya toshe da shara. Abin da ya fi taɓa shi, masu saran ba a nuna su mugaye ba, abinci suke nema. "Ka gan mu nan," in ji shi. Yakan tsayar da faifan a kan ganye guda ya ce, "Wanda ya zana wannan sai da ya durƙusa ya kalle shi."

Bai taɓa hana ni shafa fenti ba. Amma daga nan, kafin katafila ta iso, sai ya tsince 'ya'yan bishiyar ya cika aljihu: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya. Yana rainonsu a ledar fiya wata a bayan gidansa na Tungan Maje.

Ranar sadakar uku, mai ɗakinsa Hajiya Rabi ta yi mini magana ta bayan labule. "Malam Sani, shukar nan tun kwanciyarsa ba ta sha ruwa ba. Mu kuma bayan takaba Zariya za mu koma. Ya ce kai zan ba wa."

Na ce, "Hajiya, ni ko barkono ban taɓa rayawa ba."

"Ni dai na isar da saƙo."

Na kwashe su. Wataƙila wasu su mutu a hannuna, amma damina na sauka zan dasa na farko a gefen maƙabartar da yake kwance.

Allah Ya jiƙan Malam Haladu, Ya sa kowace inuwa ta zame masa sadaka mai gudana. Allah Ya ba Hajiya Rabi da 'ya'yansu haƙuri, Ya zama gatansu.