Ƙofarmu ta riga surukina shan ruwa

Yau da azahar surukina yana tsaye a waje cikin rana, ya taso tun daga garin Changli, ni ina ciki ina kokawa da sakatar geti. In rana ta gasa ta, ƙarfen ya kumbura, sai ta cije a raminta.

"Baba, ku yi haƙuri, zafi ne ya kama ta!"

"Ni kuma a inuwa nake?" in ji shi, har zai juya.

Na fizge ruwan sanyin da matata ta ɗebo masa a kwano, na sheƙa wa sakatar. Ta huce, ta zare.

Ya shigo, ya leƙa kwanon, ko ɗigo babu.

"A gidan nan ƙofa ake fara ba ruwa, sannan baƙo?"

Jama'a, da wane ido zan je gaishe shi gobe?