Mai Sabon Baya

A tashar Jega, Mardiyya tana jiran motar Maiyama ta cika, idonta na kan wani dattijo mai albasa. Tsaye yake ƙyam, da farin gemu, hula a karkace. Ta tsagin rigarsa ana hango faffaɗar ɗamarar asibiti da ta riƙe masa ƙugu. Kafaɗunsa irin na wanda ya daɗe yana dakon buhu ne. A ranta tana cewa wannan ya yi shekaru a duƙe kafin likitoci su yi masa aiki a gadon baya, su miƙar da shi.

Albasa ɗaya ta gangaro daga buhunsa. Bai sunkuya ba. Sai ya lanƙwasa gwiwoyi, ya sauka a hankali, baya a miƙe, kamar amarya za ta gai da surukai, ya ɗauke ta.

Direba ya fashe da dariya. "Baba Maccido, yanga kaka yi muna?"

"Yaro, wanga baya sabo na," in ji dattijon, yana murmushi. "Shekara da shekaru ƙasa nika kallo. Yanzu da nig ga sama, albasa guda ba ta maishe ni."