Kafaɗar Bawa

Har in koma ga Allah ba ni mantawa da ranar da na ɗaura wa Bawa hannu a filin Ƙofar Marke. Lokacin Nasara ba su daɗe da zama Sakkwato ba. Ni mahauci ne, kuma Sarkin Fawa, shugaban mahautan gari, ni ya ba aikin koya wa 'yan dambenmu da ɗaura musu zare. Ga wanda bai sani ba, hannun da aka ɗaure shi ne mashi, ɗayan garkuwa, in kuwa mutum ya taɓa ƙasa an ce an kashe shi.

Bawa gajere ne, mai mata da 'ya'ya uku, babu wanda ya kai shi iya fiɗa. Don gajartarsa na soma koya masa naushin nesa mai zagayowa. Ka auna tazara da garkuwa, ka tako da ƙafar gaba, ka juya dunduniyar baya da ƙugu, sannan hannu ya biyo a ɗan lanƙwashe, gwiwar hannu daidai da dunƙulen. Ƙarfin daga ƙugu yake. Wanda ya miƙe hannu sarai ya jefa da kafaɗa kaɗai, in ya sami iska, kafaɗar ce za ta biya.

Bai gama koyo ba aka ɗebe shi dakon kayan wani Bature. Ya dawo bayan kaka a rame, kafaɗar dama a kumbure. Kwana biyu da dawowarsa Sarkin Fawa ya kira ni, ya ce Baturen na son ganin dambe ran Juma'a, ga wani dogo daga Kabi, Bawa zai tare shi.

Na ce, "Ranka shi daɗe, kafaɗa tai ba ta warke ba."

Ya ce, "To kai ka tafi ka gaya ma Nasara hakanan."

Ban tafi ba. Tsoro na ji.

Ina naɗa masa zare bayan la'asar, Bawa ya ce, "Baba, in jefa na nesan?" Na san amsar da ta dace. Amma na dubi taron, na dubi kujerar Bature, na ce, "In ka ga hanya."

A karo na biyu ya jefa. Ƙugu bai juya ba, hannu ya miƙe, Bakaben ya sunkuya. Daga inda nake tsaye na ji ƙarar kafaɗar. Bawa ya durƙusa, makaɗa suka tsai da kiɗa. Baturen ya tambayi tafinta ko an gama ke nan, ya hau dokinsa.

Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, hannun ya shanye. Bawa bai sake riƙe wuƙa ba. Ya koma wankin hanji da hagu a bakin mahauta, shekara biyar, har ya rasu. Kullum sai ya gaishe ni, "Baba, an tashi lahiya?" Bai taɓa tayar mini da zancen ranar nan ba.

Ku da kuke koyarwa yanzu, abin da na gani shi ne, ɗan dambe ba ya gardama da mai ɗaura masa hannu. Abin da ka ce shi zai yi. Ni na ce masa ya jefa.