Bazarar da Anti Nesta Ta Zama Shinge

Kowa a kwarinmu Anti Nesta yake ce mata, har faston da ya girme ta. Ni ba dangina ba ce, maƙwabciya ce. Gonarta, Penrhiw, tana sama da tawa, kuma mun tsufa muna gaisawa ta kan katanga muna kushe karnukan juna. Gajeruwa ce, amma muryarta daga ƙauye na gaba ake jin ta. Mijinta Idwal ya rasu da wuri, ya bar mata tumaki, da taraktar da ba ta tashi sai an turo ta daga gangare, da haƙƙin kiwo a kan Gaer.

Gaer shi ne tudun da ke bayan gidanta, wanda ganuwa uku ta zagaye samansa. A makaranta an ce mana kakanninmu Keltawa ne suka gina ta tun kafin Romawa su shigo Wales. Mu dai abin da muka sani shi ne nan tumakin Penrhiw ke kwana. A kan tudu ba ma kafa shinge. Kowane garke ya san yankinsa, cynefin muke ce masa, kuma ba makiyayi ke koya musu ba. Tunkiya ce ke yawo da 'yarta duk tsawon bazara, tana nuna mata inda ruwa yake, da inda ake fakewa daga iska, da inda iyaka ta tsaya. In ƙanana suka rasa bazarar farko, shi ke nan, sai su girma suna gantali, tumakin maƙwabta su mamaye wurin. Maƙwabtan kuwa ni ce.

Shekarar da masu binciken tarihi suka zo daga jami'a, tsofaffin tumakin Anti Nesta sun zo ƙarshe, haƙora sun zube, hawansu na ƙarshe ke nan. Duk abin da garken ya sani tun zamanin kakarta, a wannan bazarar za a miƙa shi ko ya ɓace. Sai ga shugabar masu tonon, Dokta Eluned Vaughan, doguwa mai fara'a, ta zo har kicin ta ce za su zagaye saman Gaer da waya. Ina wurin, na je aron almakashin sausaya.

"Waya? A kan Gaer?" in ji Anti Nesta.

"Na bazara ɗaya ne kawai, Misis Pugh."

"Yarinya, ai bazara ɗayan nake da ita. Sha shayinki, kada ya huce."

"To in suka faɗa mana cikin rami fa? Ƙasar da ke ciki shekara dubu biyu ba wanda ya taka ta."

"Ba za su faɗa ba. Ni ce shingen, ni da Mot."

Mot karenta ne, shi ma ya kwana biyu a duniya. Dokta ta dube su su biyu, ta danne dariya, ta ce a gwada.

Haka Anti Nesta ta koma hawa tudu kullum da 'yar kujerarta. Ni kuma da rana nakan kai musu shayi da burodi mai zabibi, don Allah ya sani gulma ba ta barina in zauna a gida. Da farko ba abin da take yi sai tsokanar ɗalibai.

"Kai mai gemu, da wannan ɗan cokalin za ka tone tudun? Zo in ara maka shebur, ka gama kafin ka yi furfura."

"Anti, in kin fi mu iyawa, sauko mana," in ji shi, ya miƙa mata cokalin magina irin wanda suke kankare ƙasa da shi.

Da ta sani da ba ta karɓa ba. Ta durƙusa don ta nuna musu wasan yara suke yi, sai ga ɗan dutse zagayayye mai huda a tsakiya ya fito ƙarƙashin hannunta. Dokta ta zo da gudu, ta ce irin wanda ake sa wa mazari ne, wata mace ce ta yar da shi a ƙofar ɗakinta tana kaɗin ulu. Anti Nesta ta juya shi a tafin hannu.

"Ashe ita ma tumaki gare ta," ta ce. "Baiwar Allah, ta sha nema."

Daga ranar ciwon tono ya kama ta. Ta sayi cokalinta, ta ɗaure tsumma a gwiwa, har ta fara yi wa mai gemu faɗa wai hannunsa ya yi nauyi. Mot kuwa da ya ga uwar ɗakinsa ta bar aiki, sai ya sami inuwa ya miƙe.

Ranar da aka share daben tsohon ɗakin da suka tono tas, ramukan ginshiƙai suka fito a zagaye, aka tafi gefe a ci abinci kafin a ɗauki hoto. Anti Nesta na tsakiyar ɗalibai tana gardamar inda murhu yake. Da muka dawo, sai muka tarar da babbar tunkiyarta, wadda take kira Misis Parry saboda kamar da suke yi da mai kaɗa molon cocinmu, ta jagoranci garken duka sun sauka cikin ramin. Sun tattake daben, sun ture alamomi, sun bar tsarabarsu ko'ina. Misis Parry tana kwance a tsakiyar ɗakin tana tuƙa, ko a jikinta.

Ni dai na yi dariya har na riƙe ciki, ɗalibai ma haka. Dokta ba ta yi ba, kuma tana da gaskiya, aikin makonni ne ya lalace.

"Gobe waya za ta zo, Misis Pugh. Na yi haƙuri iyakar iyawata."

Na zaci tudun zai tsage da masifa. Sai Anti Nesta ta goge cokalinta a jikin siket, ta miƙa wa Dokta.

"Riƙe min wannan. Ko na roƙe ki da kuka kada ki ba ni. Laifina ne, ba na tumaki ba. Ki bar 'ya'yan nan su gama bazararsu."

Dokta ta karɓa, ta ce dama ɗaya kawai ta rage mata.

Sauran bazarar a kan ganuwa ta yi ta, ta juya wa ramin baya, fuskarta wajen tumaki, ko ana ruwa ko ana rana. Na tausaya mata ƙwarai, don na san ranta yana cikin ramin nan. In aka sami wani abu ɗalibai sukan ɗaga murya da gayya.

"Wayyo, ku zo ku ga wannan!"

"Ba na ji! Kada wanda ya gaya min!" Sai ta kira sunana. "Gwenda, leƙa ki ga mene ne. Shuɗi ne? Dutsen ado ne? A'a, bar shi. To, babba ne?"

Ko sau ɗaya ba ta waiwaya ba, kuma ko kofato ɗaya bai sake shiga ramin ba. Da kaka masu tonon suka mayar da ƙasa, suka shimfiɗa ciyawar yadda suka same ta, suka tafi. Aka sayar da tsofaffin tumakin, ƙananan kuma aka kai su gonakin bakin teku su yi lokacin sanyi a can, kamar yadda muke yi kowace shekara.

Da ciyawa ta fara tsirowa mota ta dawo da su. Muka tsaya ni da ita a ƙofar tudu, ta sa aka ɗaure Mot, don ta ce in aka kora su ba a gane komai ba. Aka buɗe. Suka fito suka yi cirko-cirko, ba uwa ko ɗaya a gabansu. Wasu suka fara karkata wajen yankina, na ji ta damƙe hannuna har ya yi zafi.

Can sai wata mai baƙin tabo a kunne ta ɗaga kai, ta yi kuka, ta kama hanyar sama. Sauran suka bi ta a layi. Ba su hau kai tsaye ba, sai da suka zagaya ta gabas inda tsohuwar ƙofar ganuwar take, suka shige ɗaya bayan ɗaya, har muka daina ganinsu.

Anti Nesta ta saki hannuna. Hawaye take yi, ba ta ko ɓoye ba, ni ma sai da nawa suka zubo.

"Kin gani ko, Gwenda?" ta ce. "Ciyawar Gaer dai tumakinki ba za su ɗanɗana ta ba, ko ina raye ko ba na nan."