Sunan da Na Kankare Daga Jikin Motata

Ban so sayen motar a wurin ƙanin mijina ba. Tun rasuwar maigidana ba ma shiri da shi, domin ko arba'in ba a yi ba ya tsaya a tsakar gidana ya ce in tattara in koma gidan ubana a Yashe, yara kuma shi zai riƙe su. Na ƙi. Na zauna a Kankia na ci gaba da koyarwa a firamare, na riƙe 'ya'yana uku, shi kuma ya ci gaba da sayar da motoci a birnin Katsina. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a tsaitsaye.

Da na tashi sayen mota, surukata ce ta sa baki. Inna muke ce mata, tana zaune a Kusada. Ta ce ba zai yi kyau a ji matar ɗanta ta tsallake ƙanin miji ta tafi wurin bare ba. Ina jin nauyin tsohuwar, sai na bi maganarta. Na je na zaɓa, na biya yadda kowa ke biya, bai rage mini komai ba, ni ma ban roƙa ba. Na karɓi rasit na sa a jaka.

Ranar Alhamis direbansa ya kawo motar. Fara ce, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Amma ba haka na bar ta a can ba. An manna sitika mai faɗi a gilashin baya, daga wannan gefe zuwa wancan, da sunan kamfaninsa da lambar waya. Kowace ƙofa da tata sitikar. A bayan but kuma an liƙa sunan da haruffan ƙarfe masu ƙyalli. Na tambayi direban, ya ce Alhaji ne ya tsaya da kansa aka yi. Raina bai so ba, amma murna ta danne ni a ranar.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a na ɗebi yara muka nufi Kusada don Inna ta sa albarka. Muna shiga matan gidan suka yo kaina. Wata ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya saka wa Alhaji da alheri, ya rufa miki asiri." Wata ta ce irin wannan zumunci ya yi ƙaranci yanzu. Na ɗauka ban ji daidai ba. Sai wata ta miƙo mini wayarta. Ga hoton motar ya saka a zauren dangi na waya, wanda ni ba a taɓa sa ni a ciki ba, ya rubuta a ƙasa cewa ya cika alƙawarin da ya yi wa yayansa na kula da iyalinsa.

Na mayar mata da wayarta. Daga nan na wuce Yashe wurin mahaifina. Malami ne, yana da makaranta a ƙofar gida, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya yi addu'a, sannan ya ja ni zaure.

"An ce mutumin nan ne ya ba ki. Haka ne?"

"Baba, da gumina na saya."

"To. Ni dai abin da aka gaya mini ke nan a masallaci, har ana yi mini barka."

Wannan ita ce maganar da ta fi ƙona mini rai. Shekara da shekaru ina tashi da asuba ina dafa abin sayarwa kafin in tafi makaranta, ina hana kaina zane da takalmi, ga shi an sa ubana ya sunkuyar da kai ana yi masa barka da sadaka.

Ranar Asabar da hantsi na fito da motar ƙofar gida, inda kowa zai gani. Na bar ta a rana har gam ɗin ya yi laushi. Na dafa ruwa a buta, na ɗauko reza da tsumma da kwalbar kananzir. Na fara da gilashin baya. Ina zuba ruwan ɗumi, ina ɗaga gefen sitikar da reza, ina ja a hankali. Wani wurin ta taso gaba ɗaya, wani wurin ta yage ta bar danƙo, sai in jiƙa tsumma da kananzir in goge. Na ƙofofi sun fi wuya. A ƙofar direba hannuna ya kuɓuce, rezar ta ja layi a jikin fenti, tsawon ɗan yatsa. Na tsaya na dube shi, na ci gaba. Haruffan ƙarfen kuwa da zaren ɗinki na fitar da su, na ninka shi na zura ta bayan kowane harafi ina ja kamar mai zarto. Ina cire ɗaya ina jefa shi cikin kwano.

Saura haruffa uku motar ƙanin mijina ta tsaya a bayana. Ashe yana garin ya zo ɗaurin aure, wani ya buga masa waya. Ya fito da babbar riga, ko sallama bai yi ba.

"Mi kike yi haka?"

"Motata nake gyarawa, Alhaji."

"Wa ya ba ki izini?"

"Wanda ya ba ka izinin cewa kyauta ka ba ni."

Ya ce shi bai taɓa furta kalmar kyauta ba, mutane ne suka fassara. Na ce to ya rubuta musu gaskiya yanzu a gabana. Ya ce ba ni ce zan gaya masa abin da zai rubuta ba. Ya ce daga yau in motar ta lalace kada in kawo masa. Na ce ko tayarta ce ta sace ba zai gan ni ba. Maƙwabta sun fara leƙowa, mai shagon gefe ya fito ya tsaya.

Sai ya leƙa cikin kwanon, ya sassauta murya.

"Kin san sunan wa kike kankarewa? Sunan ubanmu ne. Sunan da 'ya'yanki ke amsawa a makaranta."

Gaskiya ne. Sunan mahaifinsu ya sa wa kamfanin, ni kuwa cikin fushi ban ma tuna ba. Babbar 'yata tana tsaye a bakin ƙofa, na ga ta sadda kai. Amma na san in na tsaya a nan, labarinsa ne zai zauna. Na ce, "Tsohon bai taɓa yi wa kowa gori ba. Kai ka liƙa sunansa a kan ƙarya." Na juya na cire sauran ukun yana kallo, na miƙa masa kwanon. Bai karɓa ba. Ya shiga mota ya ja ta da ƙarfi.

Kwana biyu Inna ta aiko in je. Na tafi da rasit, na ajiye a gabanta. Ko dubansa ba ta yi ba. Ta ce ita ba takarda ta tambaya ba, ta ji an zubar da sunan mijinta a kwanon wanke-wanke a bakin titi. Na ba ta haƙuri a kan wannan, da zuciya ɗaya. Ta ce in ba ɗanta haƙuri. Na ce wannan ba zan iya ba sai ya gyara maganarsa. Ta juya mini baya, na tashi na fito.

Bai gyara ba har yau. Hoton dai ya goge, abin da na ji ke nan. A Kusada har yanzu akwai masu ce mini butulu, wasu a bayan idona, wata gwaggonsu kuma a gabana. Inna ta yi wata bakwai ba ta shiga motar ba. Da ciwon ƙafarta ya tashi, shi yana birni, ni na riƙa ɗauko ta ina kai ta asibitin Kankia. Tana zama a baya, muna hirar yara da damina, ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Shi kuwa in mun haɗu a wurin suna ko gaisuwar mutuwa, yana kawar da kai, ni ma ina kawar da nawa. Mahaifina ya yi mini faɗa sau biyu a kan gaba, ya ce ba halin musulmi ba ne. Na san yana da gaskiya. Na ce masa zan yi ƙoƙari, amma har yanzu ban fara ba.