Ƙwayar da Ba Ta Daɗewa

Ɗana na fari bai kai ranar suna ba. Na haife shi ina tsakiyar digirina na biyu a kimiyyar fizis, na koma gidanmu a Mafoni wankan jego hannu rabbana. Ba a fasa wankan don jariri ya koma. Kakata, wadda tashin hankali ya taso daga Konduga, ita ta karɓi aikin, kullum da safe da tukunyar ruwan zafi da ganyen darbejiya.

Masu zuwa gaisuwa bakinsu ɗaya. Wai in yi haƙuri, ai ban ma saba da shi ba, Allah zai kawo mai albarka. Babu mai tambayar kamanninsa. Na san alheri suke nufi, amma ni zuciyata a kusa take, ji nake kamar in bi su da tsintsiya. Na kulle kwamfutata a akwati, na aika wa malamina cewa na bar karatu. Ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen zango, bayan nan babu yadda zai yi.

Kaka ba ta iya lallashi ba. Tana fyaɗa mini ganye a baya tana yi mini tsiya, wai shekara da shekaru ina boko, ko allura ban ƙera mata ba. Wata safiya ta ce sai na faɗa mata abin da nake ƙura wa ido a gilashin kwamfutar nan har ya sa ni saka tabarau.

A fusace na faɗa mata, don ta ƙyale ni. Na ce a wata ƙasa akwai inji a ƙarƙashin ƙasa da yake harba wata ƙwaya wadda ido ba ya gani, ta daki cibiyar ƙwayar dalma da gudu kusan na haske. A cikin karon nan akan samu wata ƙwaya mai nauyi, ana ce mata kwak. Ba ta kai ƙiftawar ido, tafiyarta duka ba ta fi kaurin gashi ba sai ta tarwatse. Ba wanda ya taɓa ganin ta. Ɓarɓashin da ta bari ake bi a gane inda ta fito da inda ta ƙare. Aikina shi ne lissafa sau nawa take samuwa.

Kaka ta ajiye ganyen a bakin baho.

"Kuma ana sa ta a lissafin waɗanda suka zo?"

Na ce ai aikin ke nan gaba ɗaya.

"To a nan dai masu boko sun fi masu gaisuwa hankali."

Sai ta ba ni labarin wata 'ya da ta haifa a Konduga kafin babanmu, mai tawadar Allah a bayan kunne, wadda ita ma ba ta ga suna ba. Ko babanmu bai san da ita ba. Ta sake tsoma ganyen a ruwa, ta ce, "Naki fa, jikalle? Yaya yake?"

Na faɗa mata. Yatsunsa dogaye, gashi har ƙeya, da haɗaɗɗiyar gira irin ta ubansa. Na yi kukan da ban yi ba tun daga asibiti, ita kuwa ba ta ce in yi shiru ba, ruwa kawai ta ƙara.

Kafin in gama wanka na buɗe akwatin. Na kammala karatun, Kaka tana ta cika baki a unguwa kamar ita ta rubuta kundin digirin. Ta rasu bara, kuma har yau ina gode wa Allah da ya sa ita ce ta riƙe ganyen nan.

Yanzu yara biyu ke guje-guje a tsakar gidana. In an tambaye ni nawa na haifa, uku nake cewa.